Daga Ahlari zuwa littafin jarrabawar uwar garke

Ƙasar da kogin Watari ya ratsa, daga Bagwai zuwa kewayen Bichi da Dawakin Tofa, ƙasa ce da gona ke manne da gona. Gado ya daɗe yana rarraba filaye, shi ya sa tun kafin a gina madatsar ruwa ta Watari a ƙarshen shekarun 1970 har noman rani ya kankama, magidanci a nan bai taɓa dogara da fartanya kaɗai ba. Da an ɗaure dawa an kai rumbu sai kowa ya koma ga sana'arsa ta rani: wani saƙa, wani ɗinki, wani fatauci, wani kuwa ya naɗe buzunsa ya tafi neman karatu. Jikokin waɗannan mutane ne yau ake samun wasunsu a Kano ko Kazaure suna koyon kula da uwar garke, wato babbar kwamfutar da masu sana'ar ke ce wa saba, wadda banki ko asibiti ko makaranta ke ajiye bayanansu a cikinta. Kusan kowannensu yana ɗauke da littafi mai ɗaruruwan shafuka a wayarsa, wanda aka rubuta don abu guda: ya ci jarrabawar wani kamfani ya sami takardar shaida. Ana yi wa irin wannan littafi kallon baƙon abu, wasu kuma suna ganinsa hanyar ratse ce ta malalata. Tarihin karatu a ƙasar Kano bai goyi bayan ko ɗaya ba. Taƙaitaccen littafi tsohon ɗan gida ne a nan, sai dai bai taɓa zama shi kaɗai ba, kullum akwai malamin da ke warware shi da kuma idon da ke ganin aikin ɗalibi kafin a shaide shi. Duk lokacin da aka raba shi da waɗannan biyu, shaidar da ya haifar ba ta daɗewa take zubewa.

A dubi matakalar littattafan makarantar zaure, wadda yaro kan hau bayan ya sauke Alƙur'ani. Yana fara da Ƙawa'idi, ya shiga Ahlari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, sai Askari, idan Allah ya yi masa nisan kwana a karatu ya kai Mukhtasar. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka rubuta don ya ƙunshi fiƙihun Malikiyya gaba ɗaya da hujjojinsa. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya rubuta Risala ne don a koyar da yara. Abdurrahman Al'akhdari mai Ahlari, mutumin Aljeriya na ƙarni na 16, ya tsaya a kan tsarki da salla. Khalil ɗan Ishaƙ na Masar mai Mukhtasar kuwa, a ƙarni na 14, ya matse hukunce-hukuncen mazhaba matsi mai tsanani, har wanda ya iya Larabci sarai yakan karanta layi guda ya kasa sanin inda aka dosa. A nahawu ma haka ne: Ajurumi 'yan shafuka ne, Alfiyyar Ibn Malik kuma baiti ne wajen dubu da aka tsara don su zauna a ka. Irin waɗannan littattafai dawo ne, sai an samu mai damawa. Ɗalibi yakan durƙusa gaban malam ya ja baƙi, malam ya fassara masa da Hausa gaɓa-gaɓa, ya kawo misali, ya faɗi inda malamai suka saɓa, shi kuwa yana cewa na'am yana rubuta abin da ya ji da ajami a tsakanin layuka da gefen shafi. Unguwar Madabo a birnin Kano ta yi suna ne a kan karantar da Mukhtasar, kuma abin da ya sa ake niƙo gari daga ƙauyuka zuwa can ba rashin kwafin littafin ba ne. Bakin da zai buɗe shi ake bi.

Shaidar ma daga bakin take fitowa. Manyan malamai suna ba da ijaza, a rubuce ko da baki, inda malam ke cewa wane ya karanta littafi kaza a wurina, ni kuma na karɓa daga wane, har silsila ta kai ga mawallafi. Malam Jibrilu ɗan Umaru ya karɓo ijaza a Alƙahira daga Murtala Azzabidi, ya ba almajiransa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tattara silsilolinsa a Asanidul Faƙir, ƙanensa Abdullahi kuma a 1812 ya rubuta Ida'un Nusukh, inda ya jera malamansa da littafin da ya ɗauka a wurin kowanne. Malamin ƙauye galibi ba shi da takarda ko ɗaya, amma kowa ya san almajirin wane ne, kuma idan ya yi kwaɓa a rabon gado ko ɗaurin aure, sunan malaminsa ne zai sha kunya. A tsangaya gwajin ya fi haka tsauri. Ba a kiran mutum alaramma don ya ce ya haddace, sai ya zauna da tawada da alƙalami ya rubuta Alƙur'ani da ka, a kai wa masana su bi shi wasali bayan wasali. Wannan jarrabawa ce ta aiki, kuma babu wata dabara da za ta tsallakar da wanda bai iya ba.

Mai ja da wannan bayani yana da babban madogara, domin tun kafin a san da kwamfuta Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya soki yawaitar taƙaitattun littattafai a Muƙaddimarsa. A ganinsa suna jefa mai farawa cikin ƙarshen ilimi tun bai shirya ba, suna cinye lokacinsa wajen kwance ƙullin lafazi, ƙwarewar da yake samu kuma ba ta kai ta wanda ya bi dogayen littattafai ba. Sukar tana da ƙarfi, kuma duk wanda ya taɓa jin mai haddar Ishmawi yana zuba nassi amma ya rikice da an sauya masa fuskar tambaya ya san ba ƙage ba ne. Amma a ƙauyen wancan zamani, inda takarda ke zuwa ta Sahara da tsada, kowane kwafi kuma da hannu ake rubuta shi, manomin da ke da watannin rani kawai ba zai taɓa mallakar dogon littafi irin Mudawwana ba. Zaɓinsa tsakanin taƙaitacce ne da babu. Abin da malaman ƙasar Hausa suka yi shi ne suka karɓi littafin suka toshe ɓarakar da Ibn Khaldun ya hango da abubuwa biyu: ba a tsallake mataki, ba a kuma karatu ba malami.

Zuwan Turawa ne ya raba shaida da mutum ya mayar da ita ofis. Makarantar boko ta Ɗan Hausa a Nassarawa ta fara a 1909, Kwalejin Katsina aka buɗe ta a 1922, amma inda sauyin ya fi fitowa fili shi ne a karatun shari'a. Makarantar Shahuci ta 1928 da Makarantar Shari'a ta Kano ta 1934, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, sun ci gaba da karantar da fiƙihun Malikiyya ɗin nan dai, sai dai yanzu da aji da ƙararrawa da jarrabawar ƙarshen shekara, takardar da aka samu kuma ita ke kai mutum kujerar alƙali ko mufti da albashin En'e. Kada a raina alherin wannan. Ɗan talakan da ba shi da gidan malamai a bayansa ya sami ƙofar da ba a tambayar asalinsa, kuma makarantar kimiyya ta Dawakin Tofa, da aka fara a 1977 tare da ta Dawakin Kudu, ta fitar da likitoci da injiniyoyi daga cikin yaran karkara ta hanyar jarrabawar shiga. Amma mai duba takardar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, ko ta JAMB da ta zo a 1978, bai san ɗalibin ba, ba zai taɓa ganinsa ba, kuma ba abin da zai same shi idan yaron ya fita bai iya komai ba. Daga nan kasuwar tambayoyin baya da amsoshinsu ta buɗe, littafin shiri ya daina nufin fannin ya koma nufin mai tambaya.

Sana'ar kwamfuta ta maimaita wannan tafiya cikin shekaru kaɗan. Kamfanin Novell na Amurka ne ya fara ba da shaidar ƙwarewa a kan manhajarsa ta haɗa kwamfutoci a 1989, Microsoft ya biyo baya a 1992, shaidarsa ta MCSE kuma ta zama abin da kowane mai neman aikin kula da uwar garke ke fafutukar samu. CompTIA ta fito da A+ a 1993, Cisco ya kawo CCNA a 1998. Mawallafa suka cika kasuwa da littattafan shiri, wasu nagari ƙwarai, masu bin manhajar jarrabawa babi-babi tare da aikin gwaji a ƙarshen kowane darasi. Da yake yawancin jarrabawar zaɓi-ka-cika ce, sai wata sana'a ta ɓullo a gefe: waɗanda suka fito daga ɗakin jarrabawa su tuno tambayoyin, a tattara, a sayar. Kafin shekarun 1990 su ƙare, masu ɗaukar ma'aikata a Amurka sun fara yi wa masu MCSE na takarda ba'a, mutanen da suka ci jarrabawa da maki mai yawa amma ba su taɓa tayar da uwar garken da ta faɗi ba. Maganin da aka samo shi ne abin lura. Cisco tun 1993 ya sa babbar shaidarsa ta CCIE ta zama sai an shiga ɗakin na'urori an haɗa da hannu. Kamfanin Red Hat kuma, da ya fito da RHCE a 1999, ya ajiye zaɓi-ka-cika gefe ɗaya: a ba ka kwamfuta mai manhajar Linux da jerin ayyuka da sa'o'i ƙididdigaggu, abin da na'urar ta nuna bayan ka tashi shi ne makinka. Ba su san tsangaya ba, amma ga gwajin alaramma suka koma.

Wannan kasuwa ta iso Arewa ne da farkon ƙarnin nan. A 2001 wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, aka kafa hukumar NITDA, gwamnatin Jigawa kuma ta buɗe cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kazaure, wadda ba ta da nisa da ƙasar Bichi. Hukumar NCC ta kafa Digital Bridge Institute a 2004, tana da reshe a Kano. Bankuna da kamfanonin waya suka fara neman masu takardun Cisco da Microsoft, sannan da JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013 ta kuma mayar da ita dole a 2015, kowace cibiyar jarrabawa ta zama tana da uwar garkenta da ke buƙatar mai kula. Sai dai kuɗin waɗannan jarrabawoyi na kamfanoni da dala ake yanke shi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 nauyinsa ya ninka a kan ɗan manomi. Wanda aka sayar da buhunan shinkafar rani aka biya masa ba ya da halin faɗuwa, don haka idan ya karkata ga haddar tambayoyin sata, tsoro ne ya kai shi ba lalaci ba. Hakan bai sauya sakamakon ba. Ranar da aka ɗauke shi aiki wuta ta ɗauke tsakiyar aiki, na'urar ta ƙi tashi, ɗalibai ɗari biyu suna zaune suna jira, ba tambaya mai amsa huɗu za a miƙo masa ba.

Za a iya cewa kwatancen ya yi nisa, kuma akwai gaskiya a ciki. Ahlari ya kusa shekara 500 ana karanta shi bai tsufa ba, littafin Windows Server 2003 kuwa ya zama na naɗe ƙosai tun da kamfanin ya janye tallafinsa a 2015. A watan Janairun 2021 Microsoft ya yi wa MCSE ɗin kanta ritaya, takardun Cisco da Red Hat kuma shekara uku suke yi a sabunta. Ga shi kamfanin da ke ba da shaidar shi ne mai sayar da hajar, abin da ba za a ce da malamin zaure ba. Amma wannan bambanci ƙara wa hujjar nauyi yake yi. Idan littafin da takardar duka masu ƙarewa ne, abin da zai rage wa mutum bayan shekara biyar shi ne abin da hannunsa ya saba: yadda ake bin sawun matsala, yadda ake karanta rahoton da na'ura ke rubutawa a kan kanta, yadda ake ajiye kwafin bayanai a kuma gwada dawo da su. Umarnonin da ake sarrafa Linux da su yau, da yawansu an gaje su ne daga Unix na shekarun 1970.

Hujja mafi nauyi ita ce ta mai cewa saurayin Bagwai ba shi da malami ba shi da na'ura, littafin da ke wayarsa shi ne duk abin da ya mallaka, gaya masa bai isa ba kuwa cin fuska ne. Rabin wannan matsala ya riga ya sauƙaƙa. Linux kyauta ne, tsohuwar kwamfutar cinya mai ɗan ƙarfi za ta iya ɗaukar uwar garke biyu ko uku na kwaikwayo a cikinta, a lalata su a gyara sau ɗari ba asarar kowa, farantin sola guda kuma ya isa ya riƙe ta. Rabin da ya rage shi ne mai gyara, wanda zai kalli aikin ya ce nan ka kuskure, kuma shi ne dai abin da kakanninsa suke barin gida da rani don nema. Kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ta horar da ɗimbin masu gyara ta wannan hanya, yaro ya zauna gefen maigidansa shekara da shekaru, ba tare da wata hukuma ta tsara ba. A aikin uwar garke wurin zaman ne ya yi ƙaranci, domin ba bankin da zai bar ɗan koyo ya taɓa na'urarsa. Amma akwai cibiyoyin jarrabawar JAMB, waɗanda da yawansu ba sa cika sai lokacin rajista da jarrabawa, akwai ɗakunan kwamfuta na makarantu irin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi, kuma kowannensu yana da ma'aikacin da ya san aikin da hannunsa.