Tarihin Ƙwayoyin Fitilar Falo

Uwargida, ƙwayoyin nan masu reto a jikin fitilar falo, masu walƙiya kamar lu'ulu'u, gilashi ne fa. A shekarun 1670 wani mutumin Ingila, George Ravenscroft, ya haɗa gilashi da dalma, sai ya ƙara nauyi da ƙyalli, ya yi daɗin yanka. A 1745 gwamnatinsu ta ɗora wa gilashi haraji gwargwadon nauyinsa. Da abin ya ishi masu sana'ar, suka riƙa sayen fasasshe da araha, suna yanka shi ƙanana, suna jerawa kamar tsakiya, kowace ƙwaya da 'yar wayarta.

Shi ya sa in ɗaya ta faɗi garin goge ƙura, kada hankalinki ya tashi, ita kaɗai ake sakewa. Ki dai adana fasasshiyar, a kai wa mai shago ya gwada tsawonta da irin yankanta.