Daga Gamba Zuwa Biro: Tarihin Yoyon Tawada a Ƙasar Mafara

Tun kafin Turawa su ci Sakkwato a 1903 ake rubutu a Talata Mafara da Bakura da Maradun, amma ba wanda ya san yoyon alƙalami, domin alƙalamin lokacin ba shi da cikin da zai riƙe tawada. Gamba ake yankowa a fiƙe, a ɗan tsaga bakin. Tawadar allo gawayi ce ko baƙin tukunya da ƙaro, ta takarda kuwa akan dafa ta da bagaruwa don ta kama. Almajiri ya tsoma a kurtu, ya yarfe, ya ja harafi uku ko huɗu, ya sake tsomawa. In ya danna da ƙarfi bakin ya buɗe, tawada ta ɗiga, sai wanki. Tun yana ƙolo hannunsa ke sabawa da tafiya sannu.

Wahalar tsomawa ta daɗe tana damun marubuta. A ƙarni na 10, Alƙali Nu'uman ya ba da labarin yadda halifan Faɗimiyya, Mu'izzu, ya sa aka ƙera masa alƙalamin da ke ɗauke da tawadarsa ba ya ɓata hannu ko riga. Turawa ma sun yi ta gwadawa suna shan kunya, sai a 1884 wani Ba'amurke, Lewis Waterman, ya yi rajistar dabarar da ta karɓu. Ya gane cewa tawada ba ta fita daidai sai iska ta shiga ta maye gurbinta. Don haka ya yanka wasu siraran kwaroro a ƙarƙashin bakin, tawada na gangarowa, iska na hawa. Duk alƙalami mai shan tawada da aka sani yau a kan wannan yake tafiya, kuma duk yoyo daga nan yake farawa.

Boko ne ya kawo bakin ƙarfe ƙasar Hausa. Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawar Kano a 1909, Kwalejin Katsina ta biyo baya, elementare suka bazu a Lardin Sakkwato. A Maru, nan kusa, aka kafa makarantar horon malamai inda Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya bar aiki a 1950. Ɗan elementare kan fara da allo ne, sannan fensir, sai ya yi nisa a ba shi alƙalami mai bakin ƙarfe, wanda shi ma tsoma shi ake yi a ɗan kurtun da ke cikin ramin tebur. Wanda ya ɗiga wa littafi tawada ya yi maza ya mirgina alli a kai kafin malam ya iso.

Mai shan tawada na manya ne. Akawun En'e, malamin haraji, magatakardan alƙali, duk wanda ke shiga fadar Sarkin Mafara ko ta Sarkin Burmin Bakura ko ta Sarkin Ƙayan Maradun da takarda a hannu, da maƙalallen Parker a aljihu ake gane shi. Daga baya na ƙasar Sin masu araha, irin su Hero, suka kai shi hannun 'yan sakandare, tare da kwalbar Quink.

Sai dai waɗanda suka ƙera shi ba su yi lissafi da bazarar Zamfara ba. In tawada ta yi rabi, sauran wurin iska ce. Rana ta take, zafi ya haura digiri 40, ga ɗumin jiki, sai iskar ta kumbura ta turo tawada cikin murfi. Malam ya zare alƙalami zai sa hannu, ya tarar da shuɗin tabo a ƙirjin farar riga. Da hunturu kuma bakin ke bushewa, mai gaggawa ya yarfa shi irin yadda ya saba da gamba, ya feshe na kusa da shi.

A hankali mutane suka gano kansa. A riƙa cika shi, kada a bari ya yi ƙasa. A goge bakin da tsumma bayan an sha masa tawada. A aljihu baki sama, murfi a rufe. Ba a dannawa, nauyinsa kaɗai ya isa, kuma a nan tsofaffin almajirai suka fi 'yan boko zalla, a ganina, don sun riga sun sha horo a hannun gamba. Babban ganganci shi ne a ɗura masa tawadar allo: ƙaro ya daskare a kwaroron, alƙalami ya mutu.

Zamaninsa bai yi tsawo ba. Laszlo Biro ya yi rajistar nasa alƙalamin a 1938, kamfanin Bic na Faransa ya fito da mai araha a 1950. Malamai sun ɗan ja, suna cewa biro na lalata hannun yaro, kuma ba su yi ƙarya ba, tunda shi sai an danna. Amma da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwa da yara, ba malamin da zai iya tsaron kurtun kowa.

Yau a kasuwar Talata biro ne ko'ina. Gamba da kurtu kuwa suna nan a makarantun allo na garuruwan uku, ana fiƙewa ana rubutu.