Tarihin Maballin Tab da Tura Sadara Ciki

Asalin maballin Tab yana komawa ne ga tafireta ta ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da akawuna masu buga jadawalin lissafi suke shan wahalar danna maballin sarari sau da yawa kafin su kai inda adadi zai zauna. Sai maƙeran na'urar suka sanya mata waɗansu 'yan ƙarafa a baya, waɗanda akawu zai dasa inda ya ga dama, ta yadda da dannawa ɗaya takarda za ta zarce ta tsaya cak daidai wurin.

Da zamanin kwamfuta ya kama, aka shigar da Tab cikin tsarin haruffa na ASCII a 1963 da lamba 9, amma ba a ƙayyade masa faɗi ba, al'ada ce kurum ta tabbatar da gurbi 8. Nan ne tushen mas'alar, domin rubutun da ya miƙe sambal a allon wani yakan karkace a allon ɗan'uwansa, matuƙar ma'auninsu ya saɓa. Editan vi, wanda Bill Joy ya fara a Jami'ar Berkeley ta Amurka a 1976, ya bai wa marubuci ikon zaɓar faɗin da kansa, tare da umarnin autoindent, wanda ke sa sabuwar sadara ta fara daidai inda ta samanta ta fara, ba tare da an sake ƙirga gurabe ba.

Al'amarin ya tashi daga ado ya koma hukunci sa'ad da manhajar Make, wadda Stuart Feldman ya rubuta a 1976, ta wajabta Tab a farkon sadarar umarni. Sannan harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ya mai da zurfin sadara wani rukuni na ma'ana, har ƙa'idarsa ta PEP 8 ta zaɓi gurbi 4 a 2001, alhali masu rubuta manhajar Linux suna nan daram a kan Tab mai faɗin 8.

Har yau ba a sami ijma'i tsakanin waɗannan mazhabobi ba, sai dai masana sun yi ittifaƙi cewa jama'ar da ke aiki a kan manhaja ɗaya lalle ne su tsai da ma'auni ɗaya, kowa ya saita editansa a kai kafin ya fara rubutu.