Diyyar raunin kafaɗa bayan allurar riga-kafi: Yadda tsarin Amurka yake aiki

A Amurka, wanda kafaɗarsa ta samu rauni sakamakon allurar riga-kafi yana iya neman diyya daga wani asusun gwamnatin tarayya, ba tare da ya maka kamfanin magani ko ma'aikacin lafiya a kotu ba. Likitoci na kiran wannan rauni SIRVA a taƙaice. Muhawarar da ake yi a kansa ta ta'allaƙa ne kan tambaya guda: wa ya kamata ya biya idan kuskuren na hannun mai allura ne?

Yadda raunin yake faruwa

Ana so allurar ta shiga tsokar saman hannu. Idan aka soka ta can sama kusa da gaɓa, ko ta nutse fiye da kima, ruwan maganin kan zuba cikin 'yar jakar da ke sauƙaƙa motsin kafaɗa, ko cikin jijiyoyin da ke kewaye da ita. Daga nan sai kumburi da raɗaɗi su biyo baya, har mutum ya kasa ɗaga hannu tsawon watanni. Wasu likitocin gwamnatin Amurka ne suka raɗa wa raunin suna a 2010, bayan nazarin mutum 13.

Asalin asusun

Majalisar dokokin Amurka ta kafa tsarin a 1986, lokacin da yawan ƙararraki ya sa kamfanoni ke janyewa daga sarrafa magungunan riga-kafi. Ya fara aiki a 1988. Kuɗinsa na fitowa daga harajin santi 75 kan kowace cuta da allura ke karewa, don haka allurar da ta haɗa cututtuka uku ana biya mata dala 2 da santi 25. Alƙalai na musamman su takwas ne ke duba ƙorafe-ƙorafen a wata kotun tarayya da ke Washington, Ma'aikatar Shari'a kuma tana tsaya wa Ma'aikatar Lafiya.

Sharuɗɗan neman diyya

A Maris 2017 aka saka SIRVA cikin jadawalin raunukan da doka ke ɗauka cewa allura ce ta jawo su. Dole ciwon ya fara cikin sa'o'i 48, ya tsaya a kafaɗar da aka yi wa allura, kuma ya kasance ba ta da tarihin irin wannan ciwo. Haka nan sai illar ta wuce wata 6, ko ta kai ga kwanciya asibiti da tiyata. Wa'adin shigar da ƙara shekara 3 ne daga bayyanar alamar farko.

Asusun yana biyan kuɗin magani da albashin da aka rasa. Diyyar raɗaɗi kuwa ba ta wuce dala 250,000, adadin da bai sauya ba tun 1986. Ko mai ƙara ya faɗi, ana iya biyan lauyansa matuƙar ƙarar tana da tushe.

Taƙaddamar siyasa

Shigar allurar mura cikin tsarin a 2005 ta buɗe ƙofa ga miliyoyin manya da ke karɓarta duk shekara. Kafin 2020, ƙararrakin kafaɗa sun haura rabin waɗanda ake shigarwa. Gwamnatin Donald Trump ta fitar da ƙa'idar cire SIRVA daga jadawalin a Janairu 2021, bisa hujjar cewa laifin na mai allura ne, kuma biya daga asusun yana rage wa ma'aikata dalilin yin taka-tsantsan. Masu adawa suka ce hakan zai jefa ma'aikatan jinya da masu shagunan magani cikin ƙararraki, har wasu su daina yin allurar. Gwamnatin Joe Biden ta soke ƙa'idar a Afrilu 2021.

Wani giɓi kuma ya rage. Alluran korona suna ƙarƙashin wani tsari dabam da dokar 2005 ta samar, mai wa'adin shekara 1, wanda ba ya biyan diyyar raɗaɗi ko kuɗin lauya. Saboda haka mutum biyu masu rauni iri ɗaya a kafaɗa kan samu sakamako mabambanta, gwargwadon maganin da ke cikin sirinji.