Roger Waters: Marayan Yaƙi da Katangar da Ya Gina

Ranar 18 ga Fabrairun 1944, a kusa da garin Aprilia na ƙasar Italiya, sojojin Jamus suka far wa dakarun Birtaniya da suka sauka a gaɓar Anzio 'yan makonni kafin nan. Cikin waɗanda suka kwanta dama a ranar akwai wani ƙaramin hafsa, Eric Fletcher Waters. Malamin makaranta ne. A farkon yaƙin ya ƙi ɗaukar bindiga saboda aƙidarsa, ya zaɓi tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya lokacin da jiragen Jamus ke yi wa Ingila ruwan bama-bamai. Daga baya ya sauya ra'ayi ya shiga soja. Har yau ba a ga gawarsa ba. Ya bar mata da 'ya'ya maza biyu, ƙaraminsu yana da wata biyar a duniya. Shi kansa Eric a maraya ya tashi, domin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye mahaifinsa a 1916.

Wannan jinjirin shi ne Roger Waters, makaɗin jitar bes kuma marubucin mafi yawan fitattun waƙoƙin ƙungiyar Pink Floyd. An haife shi ranar 6 ga Satumban 1943, ke nan yanzu ya haura tamanin. A duniyar kiɗan rok ba a cika samun tsohon da ake jayayya a kansa kamarsa ba: wasu na ɗaukarsa gwarzon da ya tsaya wa Falasɗinawa lokacin da takwarorinsa suka kama bakinsu, wasu kuma na kiransa maƙiyin Yahudawa, ɗan koren Putin. A ganina rijiya ɗaya ce ta shayar da waƙar da rigimar, wato mutuwar uban da bai sani ba, da fushin da ta dasa masa kan duk mai aika 'ya'yan wasu fagen daga.

A Cambridge ya girma, a hannun mahaifiyarsa Mary, ita ma malamar makaranta mai zafin ra'ayin gurguzu. Can ya san Syd Barrett da David Gilmour. Da ya tafi Landan karatun zanen gine-gine a farkon shekarun 1960, ya haɗu da Nick Mason mai ganga da Richard Wright mai fiyano. Barrett ya zo ya same su, kuma shi ya raɗa wa ƙungiyar suna a 1965, ya haɗa sunayen wasu mawaƙa baƙaƙen fata biyu na Amurka, Pink Anderson da Floyd Council. A lokacin Barrett ne tauraro. Shi ke rubutawa, shi ke rerawa. Faifansu na farko a 1967 kusan duk aikinsa ne. Sai ƙwayar LSD da taɓin hankali suka kayar da shi, har ya kai ga tsayawa kan dandamali ya zuba wa jama'a ido ba ya taɓa igiya. Aka ɗauko Gilmour, a 1968 aka rabu da Barrett. Mutane da yawa sun ɗauka ƙungiyar ta mutu ke nan. Waters ne ya ja ragamar.

Jitar bes igiya huɗu gare ta, masu kauri, muryarta a ƙasa take. Aikinta riƙe kiɗa ne, ta haɗa bugun ganga da sauran kayan sauti, shi ya sa mai kaɗa ta yakan tsaya a gefe, ba a cika sanin sunansa ba. Gaskiya kuma, idan ana lissafin gwanayen yatsa a wannan kaya, Waters ba ya sahun gaba. Akwai waƙoƙin Pink Floyd, irin su "Hey You", da Gilmour ne ya kaɗa bes ɗinsu a ɗakin naɗa. Baiwar Waters a wani wurin take. Karatun gini bai tafi a banza ba: yakan tsara faifai guda ya zama abu ɗaya daga farko har ƙarshe, kowace waƙa tana ɗauke da ta gabanta, yadda magini ke ɗora tubali kan tubali.

A duba "Money", daga faifan The Dark Side of the Moon na Maris 1973. A wata 'yar rumfa da ke bayan gidansa a Landan, inda matarsa ta lokacin ke aikin tukwane, ya riƙa watsa sulalla cikin kwano yana naɗar ƙararsu. Aka haɗa da ƙarar injin kuɗi na kanti da ta yaga takarda, aka yayyanka zaren kaset gida bakwai daidai wa daida, aka manne bakin da baki ya riƙa zagayawa. A kan wannan ƙara ya ɗora bes ɗinsa, mai tafiya bugu bakwai-bakwai, alhali kusan duk kiɗan rok huɗu-huɗu yake tafiya. Kunne yana jin kamar taku ɗaya ya ɓace, amma jiki yana bi. Duk kalmomin faifan shi ya rubuta, kan kuɗi, da gudun lokaci, da mutuwa, da hauka. Faifan ya shafe fiye da makonni 700 a jerin waɗanda aka fi saye a Amurka tsakanin 1973 da 1988, kuma an ƙiyasta an sayar da fiye da kwafi miliyan 45 a duniya. Waƙar da ke sukar kwaɗayin dukiya ita ta mayar da su attajirai, kuma wannan ya dame shi ƙwarai.

A watan Yunin 1975, suna ɗakin naɗa na Abbey Road suna aikin wata doguwar waƙa da suka yi don tunawa da Barrett, sai ga wani mutum mai ƙiba, ya aske kansa da girarsa ƙwal, ya shigo ya zauna. An ɗauki lokaci babu wanda ya gane shi. Barrett ne. Waters ya fashe da kuka. Duk mai son ya ce mutumin nan ba shi da zuciya, ya tuna da wannan rana.

Amma ya tuna da wata ranar kuma. Ranar 6 ga Yulin 1977, a filin wasan Olamfik na Montreal a Kanada, hayaniyar 'yan kallo da wasan wutar da suke harbawa suka ƙule shi, har ya tofa wa wani matashi yawu a fuska. Abin ya tsaya masa a rai. Daga nan ya fara tunanin gina katanga tsakaninsa da masu kallo, tunanin da ya haifi The Wall a 1979: labarin mawaƙin da ubansa ya mutu a yaƙi, malamai suka wulaƙanta shi, aurensa ya mutu, ya killace kansa har ya fara mafarkin shi ɗan kama-karya ne mai jawabi a gaban dakaru. A wajen wasa da gaske ake gina katangar, da tubalan kwali, tana tashi a hankali har ta rufe makaɗan ruf, a ƙarshe a rushe ta. Waƙar da ta fi fice a ciki, wadda yaran wata makaranta a unguwar Islington suka yi wa amshi, ta isa har Afirka ta Kudu, inda ɗalibai masu ƙaurace wa azuzuwa saboda ilimin wariya suka mayar da ita takensu. Gwamnatin wariyar launin fata ta haramta ta a 1980.

A daidai lokacin da yake wa duniya waƙar kama-karya, abokan aikinsa suna kukan tasa. Ana cikin naɗar The Wall ya matsa sai da Wright, wanda aka kafa ƙungiyar da shi, ya fita, ya dawo yana kaɗawa a matsayin ɗan haya. Faifan The Final Cut na 1983, wanda ya sadaukar ga mahaifinsa yana caccakar Margaret Thatcher kan yaƙin Falklands, kusan nasa ne shi kaɗai. A 1985 ya bar ƙungiyar, a 1986 ya garzaya kotu don ya hana Gilmour da Mason amfani da sunan. Aka sasanta a ƙarshen 1987, suna ya zauna wajensu. Sai a 2013 ya amsa a wata hira da BBC cewa ƙarar kuskure ce. Sau ɗaya tak su huɗun suka sake hawa dandamali tare, a taron Live 8 na Landan ranar 2 ga Yulin 2005. Barrett ya rasu a 2006, Wright a 2008.

Babin Falasɗinu ya buɗe ne a 2006. An shirya masa wasa a Tel Aviv, masu fafutuka suka roƙe shi ya je ya ga katangar da Isra'ila ta gina a Gaɓar Yamma. Ya je Baitalahmi ya gani da idonsa, ya mayar da wasan ƙauyen Neve Shalom, inda Larabawa da Yahudawa ke zaune tare. A 2011 ya fito fili ya goyi bayan gangamin BDS na ƙaurace wa Isra'ila, ya shiga rubuta wa mawaƙa wasiƙu yana roƙonsu kada su je can. A nan ina tare da shi. Kotun Duniya ta riga ta bayyana tun 2004 cewa gina katangar a yankin da aka mamaye ya saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa. Kuma bai faɗi haka don neman kasuwa ba, domin rangadinsa na The Wall daga 2010 zuwa 2013 ya tara sama da dala miliyan 450. Asara kawai maganar za ta iya jawo masa, ta kuma jawo.

Sai dai tsayawa kan gaskiya ɗaya ba ya wanke duk abin da baki ya furta. A 2013, a wani wasa a Beljiyam, ya saki balan-balan mai siffar alade, tsohon tambarin Pink Floyd, ɗauke da Tauraron Dauda cikin wasu alamomi. Ya kare kansa da cewa akwai gicciye da jinjirin wata da tambarin kamfanoni a wasan. Amma mutumin da ya san tarihin Turai kamarsa ya san tsawon ƙarnonin da aka yi ana zana Bayahude tare da alade don cin mutunci. A 2023 wani shirin bidiyo ya fito da Bob Ezrin, wanda ya shirya The Wall tare da su, da wani tsohon mai busa a ƙungiyarsa, suna ba da labarin kalaman ƙasƙanci da suka ce sun ji daga bakinsa game da Yahudawa. Ya musanta cewa shi maƙiyinsu ne, ya ce farfaganda ce. Bayan harin da aka kai wa Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023 ya riƙa nuna shakku kan abin da ya faru, har ya ƙi yarda da rahotannin cin zarafin mata.

Ba duk tuhumar ce ke da ƙarfi ba. A Mayun 2023 'yan sandan Berlin sun buɗe bincike saboda ya sa baƙin kwat mai jan ƙyalle a dantse. Wannan shiga ta ɗan kama-karyar The Wall ce, an gan ta tun fim ɗin 1982, kuma tsinuwa ce ga 'yan Nazi. Hukumomin Frankfurt ma sun so hana shi wasa a zauren Festhalle, inda aka tsare Yahudawa kusan 3,000 a Nuwamban 1938 kafin a tura su sansanoni. Kotu ta ba shi gaskiya. Duk da haka, wanda ya san abin da ya faru a zauren zai fahimci dalilin da ya sa zukata suka sosu.

Inda ya fi ba ni takaici shi ne Siriya da Yukren. A 2018, kan dandamali a Barcelona, ya ƙaryata 'yan agajin White Helmets, masu tono mutane daga ɓaraguzan gidajen da jiragen Assad da na Rasha suka rusa, ya ce 'yan farfaganda ne. A Fabrairun 2023 ya yi wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya jawabi bisa gayyatar Rasha. Ya ce mamayar Yukren haramtacciya ce, amma ya ƙara da cewa tsokano ta aka yi. Marayan Anzio ya kamata ya fi kowa sanin cewa yaron da bam ya kashe wa uba a Halab ko Mariupol ba ya tambayar tutar jirgin. A watan Fabrairun ne kuma Polly Samson, matar Gilmour, ta zarge shi a fili da ƙin Yahudawa da kare Putin, mijinta kuma ya mara mata baya. Birnin Krakow na Poland ya riga ya rasa wasanninsa, otal-otal a Ajantina da Uruguay suka ƙi saukar da shi, a farkon 2024 aka ruwaito kamfanin BMG ya raba gari da shi. A ƙarshen shekarar Pink Floyd ta sayar wa Sony da faya-fayanta kan kusan dala miliyan 400, bayan shekaru ana jan ciniki.

Mai karatu da ya san Waters ta ɗan guntun bidiyo a waya, yana kare Gaza da zafin murya, yana da dalilin jin daɗinsa. Ina roƙonsa dai ya auna shi da mudun da shi kansa ya kawo, wato cewa ran kowane farar hula daidai yake da na kowa. Da wannan mudun, faya-fayansa na 1973 zuwa 1979 sun cika har sun zuba, matsayinsa kan katangar Gaɓar Yamma ya cika, amma abin da ya faɗa kan Siriya da Yukren, da sakacin bakinsa game da Yahudawa, sun gaza, kuma har yau bai janye su ba.