Shimfiɗaɗɗen Zane a Manhajoji da Shafukan Intanet: Sauƙin Gani da Wahalar Latsawa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda zane mara tudu ya mamaye fuskokin waya da shafukan intanet tsakanin 2010 da 2014, sannan ta auna tasirinsa a kan mai amfani. Matsayarta ita ce, wajen share ƙawa masu zayyana sun haɗa da alamomin da ke nuna wa yatsa inda zai latsa.

Daga kwaikwayo zuwa shimfiɗa

Duk wanda ya riƙe iPhone kafin 2013 zai tuna manhajar rubutu mai kama da rawayar takarda mai layi-layi, da kantar katako da iBooks ke jera littattafai a kai, da koren ƙyallen teburin karta na Game Center. Wannan kwaikwayo ba don ado kaɗai aka yi shi ba. Jama'a ba su saba shafa gilashi ba a lokacin, maɓalli mai tudu da inuwa kuwa da ganinsa an san na dannawa ne.

Microsoft ce ta fara bijirewa. A 2010 ta fito da Windows Phone 7 da salon Metro: murabba'ai masu launi ɗaya, manyan haruffa, babu sheƙi babu inuwa. Ta ɗauko tsarin daga allunan tashoshin jiragen ƙasa da na sama, da kuma zanen Suwizalan na shekarun 1950, wanda ya haifi haruffan Helvetica a 1957. Apple ta biyo sahu bayan da aka sanar da tafiyar shugaban sashen iOS, Scott Forstall, a Oktoban 2012 aka danƙa wa Jony Ive ragamar zayyana. iOS 7 ya fito a 2013 a shafe sumul.

Akwai dalilin aiki a ciki. Tun 2010 mai zayyanar shafukan intanet Ethan Marcotte ya yi kira da a gina shafi guda mai daidaita kansa da kowane allo. Hoton fata ko katako yana da nauyi, kuma sai an tanadi girma dabam-dabam. Murabba'i mai launi ɗaya kuwa 'yan layukan umarni sun ishe shi, ya buɗe da wuri, bai cin data.

Abin da aka auna

Sai dai garin gyaran gira an taɓa ido. A 2017 cibiyar Nielsen Norman Group ta wallafa wani gwaji da ta yi da mutum 71, da na'urar bin diddigin motsin ido. An ɗauki shafuka tara, kowanne aka yi masa siga biyu: ɗaya da maɓallai bayyanannu, ɗaya da alamomi masu rauni, kamar rubutun latsawa da bai bambanta da sauran rubutu ba. Waɗanda aka ba siga ta biyu sun ɗauki ƙarin lokaci da kashi 22 cikin ɗari, idanunsu kuma sun yi ƙarin tsayawa da kashi 25. Ido ya riƙa yawo ke nan yana neman abin da a da yake gani kai tsaye.

Ga kuma siraran haruffa ruwan toka a kan farin fili, waɗanda sau da yawa ba su kai bambancin haske na 4.5 da 1 da ƙa'idar sauƙaƙa amfani da shafuka, WCAG ta 2008, ta gindaya ba. A ofis mai sanyi suna da kyau. Ga dattijo mai arahar waya a tsakar rana, labari ya sha bamban.

Kamfanonin da kansu sun ɗan ja da baya. A Yunin 2014 Google ta gabatar da Material Design, ta dawo da inuwa amma ta ba ta aiki: ita ke nuna abin da ke sama da wanda ke ƙasa. Apple ma ta ƙara zaɓin fito da siffar maɓallai a iOS 7.1 cikin Maris na shekarar, sai dai ta ajiye shi a kashe, can cikin saitunan masu buƙata ta musamman, inda mai amfani zai je ya kunna da kansa.