Fim ɗin da rasuwar darakta ta sauya wa ma'ana

A watan Yunin 2006 aka saki A Prairie Home Companion a Amurka, fim ɗin Robert Altman kan daren ƙarshe na wani shirin rediyo da za a rufe. Meryl Streep da Lily Tomlin na waƙa, ana ta raha, mala'ikar mutuwa cikin farar riga na zagayawa bayan dandamali. Roger Ebert ya ba shi taurari huɗu, wasu masu sharhi kuwa suka ɗauke shi nishaɗi marar nauyi.

A watan Nuwamba Altman ya rasu yana da shekara 81, sai sharhi ya koma kallon fim ɗin a matsayin bankwana. Mu da muka san abin da ya biyo baya, da wuya mu yi dariyarsa kamar 'yan kallon watan Yuni.